Kafin Ka Sayi Tsohuwar Marsandi

'Yan'uwa, Marsandin nan da ake kira V-boot, tun shekarun 1990 aka daina ƙera ta a Jamus. Duk wadda dillali ya nuna maka a Birnin Kebbi, komai ƙyallin fentinta, tsohuwa ce. Kada kyan ɗan maciji ya cinye maka kuɗin makarantar yara.

Je da bakaniken da ka amince da shi, da sassafe, kafin a ɗumama inji. Shuɗin hayaƙi daga salansa alama ce ta injin da ke shan baƙin mai. Mai a cikin ruwan lagireto kuwa gasket ne ya ƙone.

Ku leƙa ƙarƙashinta. Gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yakan bar tsatsa. Ɗaga kafet: busasshen laka yana nuna ambaliya ta taɓa cinye ta, irin wadda ta auka wa kwarin Rima a 2020.

Tuƙa ta zuwa Argungu, ka ji ko giya tana fizga.

Daga ƙarshe, lambar jikin motar ta dace da takardar kwastan. In ba ta dace ba, riƙe kuɗinka. Araha ba ta ado.