Yadda sauyin yanayi ke shafar tsiron ciyawa a Katsina

Da zarar ruwan farko ya sauka a ƙarshen watan Mayu ko farkon Yuni, makiyaya da burtalan da ke kewaye da Sukuntuni, a ƙaramar hukumar Kankia ta jihar Katsina, kan yi kore shar cikin 'yan kwanaki.

Amma idan ruwan ya ɗauke na mako biyu ko uku bayan haka, galibin wannan tsiro kan bushe tun bai kafa saiwa ba.

Manomin da shukarsa ta ƙone yana iya sake shuka. Ciyawar daji kuwa ba ta da mai sake mata, ga shi kuma a kanta shanu da tumaki da awakin yankin suka dogara bayan doguwar yunwar rani.

Masana sun ce waɗannan makonni na farkon damina su ne lokacin da sauyin yanayi ya fi yi wa ciyawa illa.

Ciyawa iri biyu

Ciyayin da ake samu a Kankia da Kusada sun kasu gida biyu.

Akwai masu daɗewa, kamar gamba wadda ake saƙa zana da ita. Tushenta na nan a ƙasa duk tsawon rani, da damina sai ta sake tohowa.

Akwai kuma na shekara guda, kamar kyasuwa da burburwa da ƙarangiya da guɗe-guɗe. Waɗannan kan mutu da kaka, su bar iri a ƙasa, kuma daga wannan iri ne kawai ake samun ciyawar baɗi.

Ƙwayar irin ciyawa ƙarama ce, abincin da ke cikinta bai wuce na 'yan kwanaki ba. Tilas ne tsiron ya tura saiwarsa zuwa inda danshi yake kafin saman ƙasa ya bushe, abin da ke faruwa da sauri a jigawa.

Wani bincike da masanan Mali da na Holan suka gudanar a makiyayan Mali, wanda aka wallafa a 1982, ya nuna cewa yadda ruwan farkon damina ya sauka ne ke tantance irin ciyawar da za ta mamaye fili a shekarar.

Ciyayi masu saurin tsiro kan ci riba idan ruwa ya ɗore. Idan ya yanke, su ne ke fara mutuwa, sai masu taurin ɓawo, waɗanda suka yi jinkirin fitowa, su gaji filin.

Damina ta sauya hali

Yankin Sahel da arewacin Najeriya sun sha fama da fari mai tsanani a shekarun 1973 da 1984. A wurare da dama na Sahel gamba ta ɓace a wancan lokaci, ciyayin shekara guda suka maye gurbinta.

Tun daga shekarun 1990 yawan ruwan sama ya ɗan farfaɗo, sai dai yanayin saukarsa ya canza.

Wani bincike da mujallar kimiyya ta Nature ta buga a 2017 ya gano cewa aukuwar hadari mai tsananin ƙarfi a Sahel ta ninka sau uku tun daga 1982. Masu binciken sun danganta hakan da ƙaruwar zafi a hamadar Sahara.

Ruwan da ya zuba kamar da bakin ƙwarya a lokaci guda yakan gudu ne a saman ƙasa, ya kwashe iri da ƙananan tsirrai zuwa kwari, musamman a fako inda ƙasa ta yi tauri.

Iskar da ke gabatar hadari ma na da tata ɓarnar. Binciken cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ya nuna yadda yashin da iska ke ɗaukowa yake karce tsiron gero, wani lokaci ya binne shi. Gero dangin ciyawa ne.

Zafi da iskar kabon

Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya ce a rahotonsa na 2021 zafin duniya ya ƙaru da kimanin digiri 1.1 a ma'aunin salshiyas, idan aka kwatanta da ƙarshen ƙarni na 19.

A Sahel, zafin saman yashi da tsakar rana kan haura digiri 50 a farkon damina. A daidai nan ne wuyan tsiro yake, don haka ƙarin zafi kaɗan na iya ƙona shi, ya kuma gaggauta tsotse danshin ƙasa.

Haka kuma iskar kabon da ke sararin samaniya ta tashi daga kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a 2024.

Wannan iska abincin tsirrai ce, amma itatuwa da tsirrai masu faɗin ganye sun fi irin su gamba da kyasuwa cin moriyar ƙaruwarta. Shi ya sa masana ke ganin tana iya ƙara wa tsirran da dabbobi ba su cika ci ba ƙarfin gasa da ciyawa.

Ba yanayi kaɗai ba

Sai dai masana na jan hankali cewa akwai hannun ɗan Adam a cikin lamarin.

Gonaki sun ci makiyaya da burtalai da dama, duk da dokar keɓe wuraren kiwo ta jihar Arewa ta 1965. Dabbobi sun matsu a ɗan filin da ya rage, suna cinye tsiro da zarar ya leƙo.

Masu sayar da ciyawa kuma kan yanke ta tun ba ta zubar da iri ba, da rani a share busasshiyar da ke yi wa ƙasa inuwa.

Inda ciyawa ta gaza, kuɗin harawa da dusa kan tashi, dabbobi kuma su nufi gonaki, abin da ke haddasa rikici tsakanin manoma da makiyaya.

Mafita

A Jamhuriyar Nijar, manoma da makiyaya kan haƙa ramuka masu siffar rabin wata a fako domin tare ruwa, sannan su watsa irin ciyawa a ciki.

A yankin Maradi, tun daga shekarun 1980, manoma ke barin kututturan itatuwa su sake tohowa a gonaki. Inuwarsu na rage zafin ƙasa, suna kuma karya ƙarfin iska.

Katsina na cikin jihohi 11 da Najeriya ta fara aiwatar da shirin ganuwar itatuwa na Tarayyar Afirka, wanda aka amince da shi a 2007.

Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da lokutan da ake sa ran ruwa zai yanke.

Masana harkar kiwo na ba da shawarar a riƙa hutar da wani sashe na makiyaya a makonnin farko na damina, a kuma jinkirta yankan ciyawa har sai irinta ya nuna ya zuba.