Ko Ka Sani? Jirgin Saman Da Aka Tuƙa Da Totur Kaɗai

Ko ka san an taɓa tuƙa ƙaton jirgin sama mai ɗauke da mutum 296 har kusan minti 44 alhali sitiyarinsa ya mutu murus? A Amurka abin ya faru, ranar 19 ga Yuli, 1989. Jirgin samfurin DC-10 ne na kamfanin United, mai lamba 232, ya tashi daga Denver zai tafi Shikago.

Babban jirgi ya fi ƙarfin damtsen ɗan Adam. Idan matuƙi ya murɗa sitiyari, wani mai ne da aka matse cikin siraran bututu yake kai umarnin ga fukafukai da wutsiya, kamar dai yadda man birki ke aiki a mota. Saboda haka masu ƙera DC-10 suka yi masa layin mai har uku, kowanne da kansa, in ɗaya ya fashe biyu su riƙe. Sai dai duka ukun sun ratsa kusa da juna a wutsiya, inda ɗaya daga cikin injinan jirgin yake.

Jirgin na ƙafa 37,000 a sama, sai faifan da ke riƙe da farfelar wannan inji ya tarwatse, saboda wata 'yar tsaga da ta daɗe a jikin ƙarfen ba a gano ta ba. Ɓaraguzan suka yanke layukan nan uku, mai ya tsiyaye ƙaf. Jirgi ya fara karkata dama, mataimakin matuƙi William Records ya murɗe sitiyari iya ƙarfinsa, ko gezau. Kyaftin Al Haynes ya rage wutar injin hagu, ya ƙara ta dama, jirgin ya daidaita. Nan suka gane abin da ya rage musu: totur biyu na injinan da ke fukafukai. Littafin ka'idojin gaggawa bai tanadi komai ba game da mutuwar layuka uku a lokaci guda, domin an ɗauka hakan ba zai yiwu ba.

Cikin fasinjoji akwai Dennis Fitch, mai horar da matuƙan DC-10, wanda ba ya bakin aiki a ranar. Ya aika cewa zai iya taimakawa, Haynes kuwa bai ce wa ya tambaye ka ba, ya ce a shigo da shi. Fitch ya fara leƙa fukafukai ta tagar fasinjoji, ya dawo ya durƙusa tsakanin kujerun matuƙa, totur guda a kowane hannu. Injiniya Dudley Dvorak na magana da makanikan kamfani ta rediyo, Haynes na magana da masu kula da zirga-zirgar jirage. Hatta sakin tayoyi sai da suka tattauna, kowa ya faɗi ra'ayinsa.

Haka suka lallaɓa, hancin jirgi na ɗagawa yana sunkuyawa, har filin jirgin Sioux City a jihar Iowa. Sun iso da gudun kusan kilomita 400 a awa, alhali 260 ya kamata. Fiffiken dama ya daki ƙasa, jirgin ya kakkarye ya kama da wuta, wani ɓangare ya faɗa gonar masara. Mutum 112 suka rasu, 184 suka tsira. Da aka gwada irin wannan matsala a na'urar koyon tuƙi, ƙwararrun matuƙa sun kasa sauke jirgin lafiya.

Wannan haɗin kai ba sa'a ba ce, koyar da shi aka yi bayan an sha wuya. A 1972 wani jirgin kamfanin Eastern ya faɗa fadamar Florida, mutum 101 suka mutu, saboda duk waɗanda ke ɗakin tuƙi sun duƙufa kan wani ɗan ƙwan fitila da ya ƙone, ba mai lura jirgi na gangarawa. A 1978 wani jirgin United ya yi ta shawagi a saman Portland ana binciken tayoyi har mai ya ƙare. Na ƙasa da kyaftin sun ga mai na raguwa, amma nauyin baki ya hana su faɗa da babbar murya. Daga nan hukumar NASA ta shirya taro a 1979, United kuma ta fara horon haɗin kai da ake kira CRM a 1981.

Dokokinsa a bayyane suke: kome ya lalace, mutum ɗaya ya zauna kan tuƙi, a raba aiki a faɗa da baki, ƙarami ya faɗi abin da ya gani ƙarara, babba ya saurara kafin ya yanke hukunci. Haynes ya sha faɗa cewa shekarun aikinsu su huɗu sun kai 103 in an haɗa, amma babu wanda ya taɓa gwada abin da suka yi, don haka ba shi da hujjar ɗaukar kansa ya fi sauran sani.

Bayan hatsarin an ƙara wa DC-10 bawul mai tare mai idan bututu ya fashe. Horon CRM kuwa ya zama wajibi ga matuƙan jiragen fasinja a faɗin duniya, likitocin tiyata ma sun ari tsarin. Shawara ɗaukar ɗaki ce, kuma shugaban da ya saba jin ta bakin na ƙasa da shi tun ana zaman lafiya, shi ne zai samu mai gaya masa gaskiya ranar da inji ya tsaya.