Maganaɗisu da Sikeli a Kasuwar Panteka

Kayan aikin da ya fi kowanne ƙanƙanta a Tsohuwar Panteka ta Kaduna shi ne maganaɗisu, kuma sau da yawa daga bayan matacciyar lasifika aka ciro shi. Yana cikin aljihun dila, ko ɗaure da igiya a jikin sikeli. Duk abin da aka sauke a ƙofar shago, kafin a yi maganar kuɗi sai an kanga masa shi. In ya kama, baƙin ƙarfe ne, wato mai araha, a jefa shi can babban tsibi. In ya ƙi kamawa, to a nan dila zai gyara zama, domin alminiyam, jan ƙarfe, tagulla da dalma duk ba sa jin maganaɗisu, kuma su ne masu tsada.

Daga nan sai ido da hannu su karɓi aiki. Alminiyam ana gane shi da rashin nauyi, don baƙin ƙarfe mai girmansa ya kusa ninka shi uku a sikeli. Jan ƙarfe ko ya yi baƙi ƙirin da datti, ana kankare shi da wuƙa jansa zai bayyana. Tagulla, wadda garwayen jan ƙarfe da tutiya ce, takan fito rawaya, galibi a jikin tsofaffin kawunan famfo da makullai. Dalma kuwa nauyi gare ta fiye da ƙima, ga taushi har farce na iya yi mata zane. Yaron shago yakan daɗe kafin a bar shi ya yi wannan rarrabewa shi kaɗai, saboda a cikinta ribar maigidansa take. Buhun da aka haɗa komai a ciki, kuɗin mafi arha daga cikinsu ake biya. Wannan buhun dai, idan aka zazzage shi aka ware kowane iri, kuɗinsa kan tashi ya ninka, alhali ba a ƙara masa ko ƙusa ɗaya ba.

Kasuwar tana ɓangaren Tudun Wada, maƙwabciyar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kuma sunanta ya bazu har ana kiran kasuwannin tsofaffin kaya na Abuja da shi. Tana da 'yan'uwa a wasu garuruwa: Ƙofar Ruwa a Kano, da kasuwar Katako a Yamai. Duk hanya ɗaya kaya ke bi su iso. Ɗan gwangwan ya fita da sassafe da kura ko buhu a kafaɗa, yana bin lunguna yana sayen tsohon bokiti, karyayyen gado, mataccen fanka. Wani da kuɗi yake saye, wani kuma musaya yake yi da matan gida, ya ba da roba ko kofi ya karɓi tsohon kwano. 'Yan jari bola su kuma juji suke bi. Da la'asar duk a hallara gun dila, wanda sau da yawa shi ne ya ba da jarin da aka fita da shi.

Cinikin ba ya ɗaukar lokaci. A rataya buhu a ƙugiya, allura ta tsaya, dila ya duba ya ce, "Akwai ƙasa a ciki, zan cire kilo biyu." Yaro ya ce, "Haba maigida, wallahi na kakkaɓe." A zazzage a gani. Wanda ya cusa dutse cikin bututu don ya ƙara nauyi, sau ɗaya zai yi, gobe duk layin an san shi. Haka shi ma dilan da sikelinsa ke cin mutane, yara za su gudu su bar shi. Ni dai na fi jin tausayin yaran a wannan ciniki, domin su ne suka sha rana, kuma su ne ba su da hanyar sanin farashin da kamfani ya yanke a ranar.

Abin da ya fi jan hankalina a kasuwar shi ne ajiya. Baƙo yakan ga tsibi kawai, ya ɗauka an jibge ne yadda aka ga dama. Amma kowane shago mai tafiya daidai ya raba kayansa gida biyu tun daga ƙofa: abin da za a narka, da abin da zai sake aiki yadda yake. Na narkawa ba ya buƙatar lallashi, a waje yake kwana, ruwa ya dake shi, rana ta gasa shi, har ya kai lodin mota. Na biyun shi ake yi wa hidima. Rodi da bututu da dogayen ƙarafa ana kwantar da su kan katako ko tsohuwar taya don kada su taɓa ƙasa, dogo da dogo, gajere da gajere, bakinsu na kallon hanya yadda mai saye zai ga kaurin kowanne ba sai an ɗaga ba. Fallayen ƙarfe a tsaye ake jingina su, ɗaya bayan ɗaya, domin idan aka shimfiɗa su ruwa kan kwanta a tsakani, tsatsa ta cinye su ba a sani ba, kuma mai son na ƙasa sai ya ɗage goma. Guntaye suna cikin duro da aka yanke biyu aka huda gindinsa don ruwa ya tsiyaye. Kusoshi da notuna suna cikin gwangwanayen madara da galan da aka fafe, kowane awo da mazubinsa, wasu an ɗiga musu baƙin mai. Jan ƙarfe da tagulla kuwa ba sa kwana a waje ko da wasa. Suna cikin ɗaki, an datse da kwaɗo, su ne asusun mai shago.

Mai walda da ke aiki a zauren gidansa, ko maƙerin ƙauye, wannan tsari ne ya kamace shi, ko da kayansa ba su wuce cikin baro biyu ba. Masu sana'ar ƙarfe ba sa son zubar da guntu, kuma suna da gaskiya, don wata rana guntun nan ne zai toshe ƙafar ƙofa. Sai dai guntun da aka rasa inda yake a lokacin da ake nemansa bai yi wa kowa amfani ba. Mutum ya ɓata rabin yini yana tono, ƙarshe ya je ya yanki sabon tsayi. Nauyi a ƙasa, mara nauyi a sama, mai kaifi bakinsa na kallon bango saboda yara, kuma abin da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba a kai shi sikeli a karɓi kuɗi. Akwai kuma wanda ake ware wa wuri na musamman, kamar sifirin ɗin mota. Maƙera na neman sa ido rufe, domin ƙarfensa na shan ruwa ya yi ƙarfi ya riƙe kaifi, da shi ake adda da gatari da wuƙa. Mai shakka sai ya kanga shi a dutsen injin wasa: ƙarfe mai ƙarfi tartsatsinsa gajere ne mai yawan rassa, na rodi kuwa dogo ne ba reshe sosai.

A bayan layin dilolin ne masu ƙira suke, kuma su ne dalilin da ya sa Panteka ta wuce wurin tara tarkace. Daga duro ake fitar da murhu da kaskon suya da akwatin ƙarfe. Daga fallaye da bututu ake haɗa ƙofofi, tagogi, gadaje, baro, injin markaɗe da injin casar masara. Yaro ya shigo yana share shago, ya koyi riƙe guduma, ya koyi awo, bayan shekaru a yaye shi ya buɗe nasa. Kwalejin da ke maƙwabtaka da su ta shiga aikin gwada ƙwarewar masu sana'ar da ba su takardar shaida, abin da ya kamata a ce an fara tun da daɗewa.

Masu zubin tukwane sun fi kowa dogaro da rarrabewa. Alminiyam na narkewa a zafin da bai wuce digiri 660 ba, shi ya sa gawayi da iskar fanka ko zugazugi sun isa. Za ka ga mai zubi ya danna tsohuwar tukunya cikin damshin yashi a akwatin katako, ya cire ta a hankali ya bar gurbinta, ya rufe, ya kwarara narkakken ƙarfe ta wata 'yar kafa. Kafin a jima ya fasa yashin, ga sabuwar tukunya tana hayaƙi, sai kankara da goga. Aiki ne mai kyau, kuma tukwanen biki na gidajenmu daga irin wannan wuri suke fitowa. Amma abin da aka jefa cikin wutar shi za a ci abinci a cikinsa. Idan aka haɗa da tarkacen injin mota ko na lagireto mai ɗauke da dalma, dalmar na nan cikin tukunyar. An yi bincike kan irin waɗannan tukwane a Kamaru aka samu tana fita idan ana girki. Mu kuwa mun san abin da dalma ke yi wa yara tun bala'in Zamfara na 2010, inda ɗaruruwa suka mutu a ƙauyukan masu haƙar zinariya. Mai zubin da ke tsayawa kan tsofaffin tukwane da tsabtataccen alminiyam kaɗai ya cancanci a biya shi fiye da wanda ke narka duk abin da ya samu.

Babban tsibin can na waje, tirela ce ke zuwa ta kwashe shi, a auna da tan, a nufi kamfanonin narka ƙarfe, da yawansu a Legas da Ogun, ya dawo mana rodin gini. An aza harsashin kamfanin ƙarfe na Ajaokuta tun wajen 1980 da taimakon Tarayyar Sobiyet don ƙasar ta riƙa narka tamarta, har yau bai kama aikin da aka gina shi dominsa ba. Saboda haka rodin da ake yi a gida, yawancinsa daga kurar ɗan gwangwan ya faro. Gwamnati ma ta san da haka, tunda tsohon ƙarfe na cikin kayan da aka hana fitarwa daga Najeriya.

Sana'ar na da tabo, kuma ɓoye shi ba zai taimaki masu ita ba. Murfin kwalbati, wayar taransifoma, ƙarfen gada, kusoshin layin dogo, duk wanda ya sace su sikeli yake kai wa, kuma dilan da ya shekara ashirin yana gane tagulla da ido ba zai ce bai gane murfin kwalbati ba. Abokin ɓarawo ɓarawo ne. A farkon 2025 hukumar Abuja ta hana 'yan bola yawo cikin birni, ta kuma rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci. A Borno, Gwamna Babagana Zulum ya hana sana'ar a 2023, bayan 'yan ta'adda sun yi ta kashe matasan da ke shiga daji neman ƙarafa a garuruwan da aka gudu aka bari. Hanin na Borno ceton rai ne. Amma a sauran wurare, rufe kasuwa gaba ɗaya na hukunta dubban masu neman halak saboda 'yan kaɗan. Abin da ya fi shi ne kowane dila ya riƙe littafi, ya rubuta wanda ya kawo kaya da abin da ya kawo, ƙungiyar kasuwa kuma ta kori duk wanda aka kama da kayan gwamnati.

Saura lafiyar masu aikin, wadda ba a cika maganarta ba. Yara na ƙona waya don su fitar da jan ƙarfe, suna tsaye cikin baƙin hayaƙin roba, alhali da wuƙa ana iya feɗe ta, kuma wadda aka feɗe ta fi ƙonanniya daraja a sikeli. Ana fasa batirin mota a zubar da ruwansa a ƙasa, a ciro dalma da hannu, a je a ci abinci da hannun. Mafi yawansu ba safar hannu, ba takalmin kirki, ba allurar rigakafin tetanus, ga tsatsa ko'ina. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa, ko ya shekara a bushe, tururin na iya zama a ciki. Tsofaffin hannu ba sa kai masa wuta sai sun buɗe murfin sun cika shi da ruwa, kuma wannan na cikin abubuwan farko da ya wajaba a koya wa duk yaron da aka miƙa wa abin yanka.