Karen Da Ke Kewar Ubangidansa: Nauyin Da Ya Faɗo Wa Masu Gadi

Duk wanda ya taɓa aikin gadi a Ikoyi, ko Ikeja, ko Bodija ta Badun, ya san lokacin da masu gida ke ɗaure kaya su tafi hutu Ingila ko Amurka. Akan bar wa mai gadi makullin ƙofar waje, da buhun abincin kare, da kuma karen kansa. Tun mota ba ta fita daga layi ba, sai kare ya kama kuka. Ba haushin ganin baƙo ba ne, wani irin kuka ne mai tsawo wanda ke hana makwabta barci. Kafin gari ya waye ya kakkarce ƙofa, ya yage labule, ya yi fitsari inda bai taɓa yi ba, abinci kuwa ko shinshinawa ba ya yi. Ranar da mai gida ya komo ya tarar karensa ya rame, mai gadi za a tuhuma. Wasu ma ta haka suke rasa aikinsu.

Da yawa daga cikin mutanen Arewa ba su tashi da kare a cikin ɗaki ba. Karen da suka sani shi ne na mafarauta ko na Fulani makiyaya, wanda ke yini a daji tare da mai shi. Saboda haka in suka ga irin wannan hali, wani ya ce iskanci ne, wani ya ce kare ya ga aljanu, wani kuma ya ɗauko sanda. Likitocin dabbobi kuwa sun ce tsoro ne, watau fargabar rabuwa da wanda kare ya shaƙu da shi. Yawanci abin yakan taso cikin rabin awa na farko bayan fitar mutum, kuma ɓarnar ta fi yawa a bakin ƙofa da taga, inda kare ke neman hanyar bin ubangidansa. An ƙara ganin wannan matsala bayan kullen annobar korona na 2020, lokacin da karnuka suka saba da mutane a gida dare da rana, sa'an nan aka wayi gari kowa ya koma wurin aiki.

Duka ba ya maganin tsoro, ƙara shi yake yi. Kare ba ya haɗa sandar yamma da labulen da ya yaga tun da safe. Abin da zai koya kawai shi ne mutumin nan abin gudu ne. Karen da ya firgita kuwa shi ne ke cizo.

Ainihin maganin ana fara shi ne tun mai gida bai yi tafiya ba, don haka ya kamata mai gadi ya yi ƙarfin hali ya gaya masa. Kare yana lura da alamun fita: ƙarar makullin mota, sa takalmi, ɗaukar jaka. To, sai mai gida ya riƙa ɗaukar makulli yana komawa ya zauna, sau da yawa a yini, har ƙarar ta daina tayar wa kare hankali. Bayan haka sai ya fita bayan ƙofa na ɗan lokaci kaɗan, ko da daƙiƙa goma ce, ya komo tun kare bai fara kuka ba. Kullum a ɗan ƙara, daga daƙiƙoƙi zuwa minti ɗaya, zuwa biyar, zuwa rabin awa. In kare ya rikice, an yi gaggawa ke nan, sai a koma baya. Aiki ne na makonni, wani lokaci ma watanni. Kuma ban da doguwar sallama wajen fita, ban da shagali wajen komowa.

A cikin waɗannan makonni ne ya kamata kare ya saba da mai gadi. Shi zai riƙa ba shi abinci a kan lokaci guda, shi zai zaga da shi da safe kafin rana ta yi zafi. Karnuka da yawa ba lalle sai mai su suke nema ba, kaɗaici ne ba sa iya jurewa. In akwai mutumin da suka sani zaune kusa, sai su kwanta. Wanda ba ya son kare ya taɓa shi ba sai ya rungume shi ba, ya isa ya ajiye bencinsa inda kare zai riƙa ganinsa. Tsohuwar rigar mai gida da ba a wanke ba takan taimaka in an sa a makwancinsa, haka nan abin wasan roba da ake cusa abinci a ciki. Sayo wani kare don ya ɗebe masa kewa kuwa sau da yawa ba ya amfani.

In abin ya yi tsanani, akwai magani. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Clomicalm a 1998, da Reconcile a 2007, don wannan matsala. Amma likitan dabbobi ne kaɗai ke rubuta su, kuma tare da horo ake ba da su. Kada mai gadi ya kuskura ya ba kare maganin barci ko na ciwon kai na mutane, yana iya kashe shi.

Akwai abu ɗaya da ba a wasa da shi. Kare mai fargaba yakan yi dalala da haki, amma yakan natsu in mutanensa suka komo. Wanda ya canza hali farat ɗaya, yana kai cizo ga duk abin da ya gani, ya kasa haɗiya, ko ƙafafunsa suna mutuwa, wannan ana tsoron ciwon haukan kare ne, wanda ke kashe mutane kimanin 59,000 a duniya kowace shekara. Kafin mai gida ya tafi, mai gadi ya nemi a nuna masa katin allurar rigakafin kare, ya kuma karɓi lambar wayar likita. In an cije shi, ya wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, ya tafi asibiti a ranar.