Kasuwa a tsakar gidan biki: yadda ake sayar da kayan kicin a zaman ƙawayen amarya a Lagdo

A Lagdo, kamar sauran garuruwan arewacin Kamaru, ba a gama yanke wa biki hukunci sai an leƙa ɗakin amarya. Mata za su shigo da sunan ganin ɗaki, bakinsu na "Allah ya sanya alheri", idonsu kuwa na kan kabet: kula nawa aka jera, tukwanen na ina ne, farantan tangaran ne ko roba. A zamanin iyayenmu samira da langa da fanteka ake jerawa har su kusa taɓo rufi, kuma uwa takan fara tara su tun 'yarta na goye, domin kwano a wancan lokaci ajiya ne. In rana ta ɓaci sai a zari ɗaya a miƙa wa dillaliya. Yau kwanon ya koma kula da filas da bilenda, amma nauyin yana nan inda yake, a wuyan uwar amarya.

Abin da ya shigo sabo shi ne zaman ƙawaye, wanda 'yan matanmu suka gano a Instagram da TikTok wajen amaren Kano da Abuja. Kafin ɗaurin aure ƙawaye da dangi mata sukan taru, a ci a sha, kowacce ta kawo wa amarya kyauta. Ba a daɗe ba wasu mata suka lura cewa taron da ya haɗa mata fiye da ɗari, kowacce da kuɗin gudummawa a jaka, ai kasuwa ce ta ci. Ina cikin waɗannan matan. Ni malamar firamare ce, a ENIEG ta Garwa na yi karatun koyarwa, kuma kamar yawancin abokan aikina, albashina kan riga wata ƙarewa. Litinin zuwa Juma'a alli ne a hannuna, Asabar da Lahadi kuma kula.

Dabarar ba mu muka ƙago ta ba. A Amurka, a 1946, wani mutum mai suna Earl Tupper ya fito da robobin ajiye abinci masu murfin da ba ya barin iska ta shiga, wato Tupperware. A kantuna suka yi ta zama ba mai saye, don mutane ba su gane yadda ake rufe su ba. Wata bazawara mai ɗa ɗaya, Brownie Wise, ita ta gane cewa kayan sai an nuna su. Takan tara mata a falon ɗaya daga cikinsu, ta cika roba da abin sha, ta rufe, ta wurga ta tsakiyar ɗaki, ko ɗigo bai zuba ba. A 1951 kamfanin ya janye kayansa daga kantuna ya koma sayarwa ta irin wannan taro kaɗai, aka ba ta muƙamin mataimakiyar shugaba. A 1954 ta zama mace ta farko da mujallar Business Week ta sa hotonta a bango, a 1958 kuma Tupper ya sallame ta, ya sayar da kamfanin. Shi kansa kamfanin, a watan Satumba na 2024 ya je kotu ya ce bashi ya fi ƙarfinsa, bayan robobi masu araha da cinikin intanet sun cinye masa kasuwa. Kamfani ya durƙushe, dabara ta rage: mace ta fi yarda da abin da ta gani a hannun wadda ta sani.

Taro mafi girma da na taɓa shimfiɗa kaya a cikinsa shi ne bikin 'yar wani babban dillalin kifi. Duk wanda ya san Lagdo ya san abin da wannan ke nufi. Tun da kamfanin ƙasar Sin ya gama gina madatsar ruwa a kan Binuwai a 1982, tafkin ya jawo masunta daga ko'ina, Musgum da Kotoko daga can arewa, Hausawa daga Najeriya, har da mutanen Mali, kuma kuɗin garin rabinsa warin kifi yake. Baƙi sun zo daga Garwa da Pitowa da Ngong, wasu har daga Yola. Da harshe uku na yi talla a ranar: Fulatanci ga manya, Hausa ga mutanen kasuwa, Faransanci ga 'yan boko.

Aikin ba ranar biki yake farawa ba. Wata guda kafin nan na je na durƙusa gaban uwar amarya. Da ta ji abin da ya kawo ni sai ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Malama, biki za mu yi ko kasuwar Pitowa za mu ci?" Na ce, "Hajiya, Allah ya ƙara girma, a bikin da ya wuce na unguwar nan filas nawa amarya ta samu?" Ta yi dariya, don ta sani: iri ɗaya ne sun kai goma, alhali ko ludayi mai kyau ba a kawo ba. Na ce to a ba ni jerin abin da yarinya ba ta da shi. Duk mai son yin kyauta ta zaɓa daga ciki, in an saya in soke, ba za a maimaita ba. Sannan kashi ɗaya cikin goma na duk cinikin da na yi a gidanta, zan mayar wa amarya da shi a kaya. Wannan kashin ne ya buɗe ƙofa, ba daɗin bakina ba.

Kayan yawanci ƙirar ƙasar Sin ne, amma ta Najeriya suke zuwa mana, daga kasuwar Jimeta. Dalilin a fili yake. Sefa ɗaure take da yuro, 655.957 ga yuro guda, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yuni na 2023 ta faɗi daga wajen 460 ga dalar Amurka zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024. Mai sefa a hannu ta zama Hajiya a Jimeta. Sai dai kada mai karatu ya ɗauka duk ratar riba ce. Akwai ɗan canji, akwai mota, akwai duwan a iyaka, akwai tangaran da zai iso a farfashe, kuma ba wanda zai biya ki. Su ma 'yan kasuwar can ba barci suke ba, sun ɗaga farashi.

Ranar taro, da hantsi na zuba shinkafa mai zafi a kula ɗaya, ƙanƙara a ɗaya, na rufe a gaban masu girki don su zama shaida. Ban buɗe ba sai bayan la'asar, lokacin da aka gama rabon abinci, ba a fara kiɗa ba. Wannan ɗan tsakanin shi ne duk kasuwar. In kika fara kafin a ci abinci, yunwa ba ta barin kowa ya saurare ki. In kika bari aka kunna sauti, kin yi asarar kuɗin mota. Da na ɗaga murfi tururi ya tashi, ɗayar kuma ƙanƙara na nan da sauranta, a garin da zafin watan Maris da Afrilu kan wuce digiri 40. Ban ƙara cewa komai ba, mata suka taso.

Bilenda ce ta sha tambaya. Wata dattijuwa ta ce, "'Yar nan, in an ɗauke wuta fa?" Aka kwashe da dariya, don kowa ya san zancen: madatsar da ke bayan gidajenmu an gina ta ne ta ba da megawat 72 ga arewacin ƙasar, amma in ruwa ya ja baya da rani mu ma a duhu muke kwana. Abin yanka albasa da attaruhu na hannu, mai igiyar ja, shi ya ƙare tas. Bilenda biyu na mayar gida.

Yanzu ga inda nake da ja da wasu abokan sana'ata. Abin da ke sa irin wannan ciniki tafiya, a Amurka ko a Lagdo, ba ingancin kaya kaɗai ba ne. Kunya ce. Mace na zaune, kishiyarta ko facalarta ta sayi saitin kula, idon mutane ya juyo kanta. Na ga inda ake ba mai sanarwa makirufo yana kiran suna: "Hajiya wance ta sayi na jaka talatin!" Ciniki kam ana yi. Amma goggon amarya da ta zo daga ƙauye a bayan mashin, da kuɗin da ta ƙulle a bakin zane, ta riga ta yi anko da kyar, ita me aka yi mata? Ko ta ci bashin da ba za ta iya biya ba, ko ta koma gida da ƙunci a bikin 'yar ɗan'uwanta. Shi ya sa teburina a lungu nake ajiye shi, nesa da kujerar amarya, ba a kiran suna, kuma kullum akwai kayan sefa 500 da 1,000: cokula, matsami, mara, ƙananan robobi. Duk kyautar a ɗaki ɗaya ake tarawa ba tare da takardar farashi ba.

Haka nan ban yarda da masu zuwa da zancen "ki biya kuɗin shiga, ki kawo mata uku, su ma su kawo uku" ba. In ribar daga shigar da mutane take fitowa ba daga tukunya ba, na ƙarshe a layi ne ke biyan na farko.

Wahalar gaske tana zuwa ne bayan an kai amarya. Fiye da rabin cinikin irin wannan rana a littafi yake, kuma a Lagdo bashi yana da kalandarsa. Matar ma'aikaci ƙarshen wata take biya, ta Orange Money ko MTN MoMo. Matar manomi sai SODECOTON ta biya kuɗin auduga. Matar masunci kuwa, in bikin ya faɗo kusa da damina, lokacin da hukuma ke rufe kamun kifi a tafkin don kifi ya hayayyafa, to ki manta da kuɗinki sai an buɗe ruwa. Farashina ɗaya ne, da na hannu da na bashi, kuma ba na ƙara ko dala don an yi jinkiri, saboda gudun riba. Ma'anarsa jarina ne ke kwance a gidajen mutane wata uku, wata huɗu. Adashin da muke yi da malaman makarantarmu shi ke riƙe ni a tsakanin.

Akwai kuma wadda wannan sabon salo ya taɓa wa abinci, ba a cika tunawa da ita ba: dillaliya. Tun kafin a haifi Brownie Wise take shiga gidajen kulle da ƙullin kaya a ka, ta san wadda za ta aurar da 'ya bana, ta san wadda mijinta ya samu. Bayan wancan biki wata tsohuwar dillaliya ta same ni har gida, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Malama, gidajen da na yi shekara talatin ina shiga, kin kwashe su a yini ɗaya." Na ce, "Inna, zauna ki sha ruwa tukuna." Muka daɗe muna magana. Ni ina da kaya da lissafi, amma ina aji har rana ta yi tsaka, kuma akwai gidajen da malamar makaranta ba za ta iya tsayawa a ƙofarsu tana tambayar bashi ba, musamman in ɗan gidan yana ajina. Ita kuwa ba ƙofar da ke rufe mata.

Yanzu ita ke karɓo mini kuɗi, tana ɗaukar ladanta a kan duk jaka goma da ta kawo, kuma ita ke kawo mini labarin bikin da ke tafe tun ba a raba goro ba. Na watan gobe a Ngong ne. Uwar amaryar ta riga ta aiko da jerin kaya, ta kuma ce a gaya wa Malama kada ta kawo bilenda.