GWANJON INTANET: IN AGOGO YA CIKA BABU SAURAN "ALBARKA"

Duk wanda ya taɓa zama a kara wajen masu shanu, ko rumfar goro a Shagamu, ko gindin motar tumatir a kasuwar Mil 12 ta Ikko, ya san yadda ciniki yake tafiya. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, dillali ya shiga tsakani yana ja yana sassautawa, har a kai inda mai kaya zai buɗe baki ya ce ya sallama. Muddin bai faɗi wannan kalma ba, kayansa nasa ne, ko da an wuni ana tayi.

To, amma akwai wata kasuwa ta zamani wadda al'amarinta ya sha bamban da wannan, watau gwanjon da ake yi ta intanet. A can, tun ranar da mai kaya ya baje hajarsa ya riga ya sallama, abin da ya rage kawai shi ne a ga wanda zai fi tayi. Akwai mutanen da ba su gane haka ba sai da sammaci ya iske su har gida.

Mafi shahara cikin irin waɗannan kasuwanni ita ce eBay, wadda Pierre Omidyar ya kafa a Amurka cikin 1995. Mai kaya yakan sa hoton abin da zai sayar da bayaninsa, ya faɗi kuɗin da za a fara tayi a kai, ya kuma yanke kwanakin da gwanjon zai yi. Babu mai ƙararrawa, babu mai buga guduma. Agogo ne alƙali: da zarar lokaci ya cika, wanda tayinsa ya fi na kowa shi ya ci. Kafin kuwa a bar mutum ya saya ko ya sayar, sai ya danna cewa ya yarda da sharuɗɗan kamfanin, ko ya karanta su ko bai karanta ba.

RIGIMAR TSOHON JIRGIN SAMA

Cikin watan Agustan 2006 wani mutum a ƙasar Ostareliya ya sa wani tsohon jirgin saman soja a gwanjon eBay. Jirgin irin wanda ake kira Wirraway ne, ƙirar 1946. An ƙera guda 755 a birnin Melbon tsakanin 1939 da 1946, galibi don koya wa mayaƙan sama tuƙi, amma a lokacin gwanjon 'yan ƙalilan ne suka rage masu iya tashi. Mai jirgin ya yanka cewa ba za a taya ƙasa da dalar Ostareliya 150,000 ba, ya kuma ba da kwana 10.

Kwanaki suka yi ta shuɗewa babu wanda ya taya. Sai da ya rage daƙiƙa 20 a rufe, sannan wani mutumin birnin Adelaide mai sha'awar tsofaffin jiragen yaƙi ya taya dala 150,000 cif. Agogo ya cika, kamfanin ya sanar da su biyun cewa ga wanda ya ci.

Sai mai jirgin ya ce atafau ba zai ba da ba. Ashe ya sami wani mai saye a waje guda wanda zai biya dala 250,000, watau ƙarin dubu ɗari ke nan. Shi kuwa wanda ya ci gwanjon bai tsaya cacar baki ba, ya garzaya Babbar Kotun Jihar New South Wales a birnin Sidni, ya ce an saɓa masa alkawarin ciniki, kuma shi ba kuɗi yake nema ba, jirgin yake so.

Lauyoyin mai jirgin suka kawo hujjoji biyu. Ta farko, wai sa kaya a eBay daidai yake da buga talla a jarida, gayyata ce kurum a zo a yi ciniki, mai kaya yana da ikon ya karɓa ko ya ƙi. Ta biyu, wai in ma akwai yarjejeniya, to tsakanin kowannensu ne da kamfanin, ba tsakanin junansu ba.

Cikin watan Agustan 2007 Mai Shari'a Nigel Rein ya yanke hukunci, ya watsar da hujjojin duka biyu. Ya nuna cewa gwanjon intanet shi ma wani nau'in gwanjo ne, kuma mutumin da ya sa kayansa, ya faɗi mafi ƙarancin kuɗin da zai karɓa, ya yanke lokaci, ya riga ya yi alkawarin sayar wa duk wanda ya fi tayi cikin wannan lokaci. Daɗin daɗawa, su biyun sun yarda da sharuɗɗan kamfanin, waɗanda suka wajabta wa mai kaya ya cika ciniki. Da yake kuma jirgin ba abu ne da za a shiga kasuwa a sayo irinsa ba, sai kotu ta umurci mai jirgin ya miƙa shi a kan dala 150,000 ɗin nan.

MOTA A KAN YURO 1

Mai karatu zai iya cewa ai wannan da sauƙi, tun da mai jirgin ya sami kuɗin da shi da kansa ya yanka. To, ga abin da ya faru a Jamus.

Wani mutum ya sa tsohuwar motarsa ƙirar VW Passat a gwanjo, ya ce a fara tayi daga yuro 1, da nufin ya jawo jama'a. Ba a jima ba wani ya taya yuro 1, ya kuma shaida wa na'ura cewa in an ja da shi yana iya kaiwa yuro 555.55. Bayan 'yan sa'o'i mai motar ya sami wanda zai ba shi yuro 4,200 a waje, sai ya soke gwanjon, ya aika wa mai tayin cewa mota ta tafi.

Mai tayin ya kai ƙara. Ya ce darajar motar yuro 5,250 ce, shi kuma ya ci ta a kan yuro 1, saboda haka a biya shi yuro 5,249. Magana ta yi ta hawa har ta kai babbar kotun tarayya da ke birnin Karlsruhe, wadda daga ita babu sauran ɗaukaka ƙara a irin wannan shari'a. Ran 12 ga Nuwamban 2014 kotun ta ba mai tayin gaskiya.

Mai motar ya yi kukan cewa babu mai hankalin da zai sayar da mota a kan yuro 1, wannan cin zali ne. Alƙalai suka nuna masa cewa abin da ke sa mutane shiga gwanjo ke nan: mai saye yana fatan ya yi tsintuwa, mai kaya yana fatan masu tayi su yi ta gasa har kuɗi ya wuce ƙima. Shi ya zaɓi ya fara daga yuro 1 ba tare da ya ƙayyade kuɗin da zai sallama ba, kuma shi ya katse gwanjon tun tayi bai yi nisa ba. Garin neman gira an rasa ido: abin da aka ce ya biya ya ɗara abin da ya sayar da motar.

TAYIN ƘARYA

Akwai kuma wata tsohuwar dabara da 'yan kasuwa suka sani tun kafin zuwan kwamfuta, watau mai kaya ya sa nasa ya riƙa tayi don a tunzura mai saye na gaskiya. Malaman fiƙihu suna kiran wannan najashi, kuma haramun ne. A intanet ba a ma bukatar ɗan kore, mutum yakan buɗe suna na biyu ya riƙa taya kayan kansa.

Haka wani ya yi a Jamus cikin 2013 da mota ƙirar VW Golf. Ya yi ta ja da wani mai saye har tayi ya kai yuro 17,000, daga ƙarshe sunan nan nasa na biyu ya ci gwanjon. Da asiri ya tonu, kotun nan ta Karlsruhe ta yanke ran 24 ga Agustan 2016 cewa mutum ba ya ciniki da kansa, don haka duk tayin da ya yi banza ne. Da aka share su, sai aka tarar tayin gaskiya mafi yawa yuro 1 da rabi ne, kuma na mai ƙara ne. Tun da mota ta riga ta shiga wani hannu, sai aka ce ya biya diyyar yuro 16,500.

YAYA ABIN YAKE A NIJERIYA?

Hukuncin kotun Ostareliya ko ta Jamus ba ya ɗaure alƙalin Nijeriya. Sai dai Nijeriya da Ostareliya duk daga Ingila suka gaji dokokinsu na ciniki, musamman dokar sayar da kaya ta 1893, saboda haka lauya yana iya kawo shari'ar jirgin nan don ya jawo hankalin alƙali. Wannan doka ta ce cinikin gwanjo yakan faɗa ne sa'ad da aka buga guduma ko aka yi wata alama da aka saba da ita, kuma kafin nan mai tayi yana da ikon janye tayinsa. Har ila yau ta hana mai kaya taya kayansa, ko sa wani ya taya masa, in dai ba a sanar da jama'a tun farko ba.

Amma kada wanda aka tayar wa ciniki ya ɗauka lalle kotu za ta ƙwato masa kayan. Ba a cika tilasta wa mai kaya ya miƙa su ba sai in abin ba shi da na biyu, kamar jirgin nan. In kaya ne da suke cike da kasuwa, abin da ake biya shi ne ratar da ke tsakanin kuɗin ciniki da kuɗin kasuwa. Misali, wanda ya ci wayar hannu a kan naira 200,000 alhali kuwa a kasuwa tana naira 230,000, diyyarsa naira 30,000 ce, wadda ba ta isa ko kuɗin lauya ba.

Sai kuma batun shaida. Dokar shaida ta 2011, sashe na 84, ta yarda a karɓi abin da aka ciro daga kwamfuta ko waya, amma da sharuɗɗa, ciki har da bayanin na'urar da yadda aka ciro shi. Ba a wasa da wannan: cikin 2012, a shari'ar zaɓen gwamnan Jihar Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka ciro daga intanet saboda ba a cika sharuɗɗan ba. Don haka tun ranar ciniki ya kamata mutum ya ɗauki hoton tallar da na tayinsa, ya adana saƙon da ya nuna shi ya ci, da duk maganar da suka yi da mai kaya, da rasiɗin banki.

Ga wanda ya riga ya biya kuɗi aka hana shi kaya, Jihar Ikko ta buɗe kotunan ƙananan da'awa a cikin kotunan majistare a 2018, inda aka tsara su saurari neman kuɗin da bai wuce naira miliyan 5 ba, su gama cikin kwana 60, kuma mutum yana iya tsayawa da kansa ba lauya. Ana fara wa ne da rubuta wa wanda ake bi takardar neman biya.

KAFIN A TAFI KOTU

Masu iya magana sun ce shari'a mace ce da ciki. Mutumin Adelaide sai da ya shekara yana jira, alhali ya san wanda yake ƙara, ya san inda jirgin yake ajiye, kuma ƙasarsu ɗaya. Wanda yake zaune a Agege ko Sabon Badun ya yi ciniki da wani a Ingila ko Sin, da wuya ya iya kai masa sammaci, in ma ya ci shari'a karɓo kuɗin wani aiki ne dabam. Irin wannan gara ya fara kai kuka ga kamfanin gwanjon cikin kwanakin da suka ƙayyade. In kuwa mai tallar tun asali ba shi da kayan, sunan ma na bogi ne, to wannan ba saɓa alkawari ba ne, damfara ce, maganar 'yan sanda ce.

Shi kuma mai kaya, tun kafin ya danna ya kamata ya yanke kuɗin da in an ba shi ba zai yi da-na-sani ba, ya rubuta shi a fili. In yana da wani mai saye a gefe, ya gama da shi tukuna. Da zarar an fara tayi, soke gwanjo ba tare da dalilin da sharuɗɗa suka yarda da shi ba yana iya jawo masa biyan abin da bai ci ba. Magana zarar bunu ce, a kara ko a waya. Kunne ya ji, jiki ya tsira.