Uban Tsautsayi A Wasan Ƙage

Duk wanda ya taɓa hawa unguwar Garu da yamma, inda tsohuwar fadar Dutse take, ya dubi manyan duwatsun nan da suka kewaye gari, da dabino da tsamiya a gindinsu, ba zai yi mamakin abin da ya sa mutanen dā suka ce akwai masu zama a wurin ban da 'yan Adam ba. Abin da ya tuna mana da wannan kuwa shi ne wani irin wasa na Amurka, wanda samarinmu masu karatu suke cin karo da irinsa a waya da kwamfuta.

Sunansa Dungeons & Dragons, waɗansu mutum biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, su suka fito da shi a 1974. Yadda ake yinsa shi ne, 'yan wasa su kewaye tebur, mutum guda ya riƙe labari kamar mai tatsuniya, sauran kuwa kowa ya ɗauki matsayin wani, wannan mayaƙi, wancan boka, wancan ɓarawo. In mayaƙi ya ce zai tsallake rami, sai ya jefa wani abu mai kama da ɗan ludo, amma mai fuska 20, abin da ya fito shi zai nuna ko ya tsallake ko ya faɗa. Tun da yake komai na wasan a kan sa'a yake, tilas masu ƙaga duniyarsa suka nemi wanda za a ɗora wa laifi in jifa ta ɓaci. A cikin duniyar da Ed Greenwood ya ƙaga, wadda aka buga a 1987, akwai wata gunkiya wai ita Beshaba, uwar rashin sa'a, ga kuma 'yar'uwarta Tymora mai rabon sa'a. Mutanen cikin labarin ba don ƙauna suke ambaton Beshaba ba, sai don ta ƙyale su.

To, a nan ne muke da magana. In wani ɗalibi na Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko wani saurayi a Kiyawa ko Jahun, ya zauna zai ƙaga irin wannan duniya da Hausa, shin sai ya aro Beshaba ya naɗa mata kallabi? Mu dai muna ganin asara ce, domin kakanninmu sun riga Turawa wannan aiki da nisa, kuma nasu ya fi zurfi.

Mutanen dā ba su tara tsautsayi duka suka ba mutum guda ba. Rarraba shi suka yi. 'Yan bori sun ce iskoki suna da birninsu, Jangare, wanda ido ba ya gani, da sarkinsu Sulemanu. Wani Ba'amurke, Fremont Besmer, wanda ya zauna da 'yan bori da makaɗansu a Kano, ya nuna a littafinsa na 1983 cewa gida 12 aka kasa birnin, kowane iska da iyayensa da matansa da sarautarsa, sai ka ce fadar wani sarki. Kowannensu kuwa da irin masifar da aka jingina masa. Malam Alhaji tsoho ne mai tasbaha, tari aka ba shi. Kuturu sunansa ya faɗi cutarsa. Sarkin Rafi shi ke da hauka. Inna ita ke shanye hannu da ƙafa, har yau kuwa da sunanta muke kiran cutar shan inna, ko da yake likitoci sun daɗe da gano ƙwayar da ke kawo ta.

Amma wanda ya fi dacewa da zancenmu shi ne Ɗan Galadima. Ɗan sarki ne kyakkyawa, mai ado da turare, mai kyauta kamar ba ya son dukiya, sa'an nan ga caca. Ku duba hikimar da ke nan, jama'a. Tsiya ba ta zo da ƙaho da jajayen idanu ba, ta zo ne cikin babbar riga tana fara'a, har mutum ya yi marmarin zama kusa da ita, bai ankara ba sai ya ga aljihu wayam. Wanda ya ƙaga wannan ya san halin mutane ƙwarai.

Kada kuma a zaci abin ya tsaya a zamanin jahiliyya, domin an ga haihuwar sabon iska a zamanin Turawa. A 1925, a ƙasar Filinge ta Nijar, wata mace mai suna Shibo da mutanenta suka fara hawan waɗansu baƙin iskoki da ake kira Babule ko Hauka, masu tafiya irin ta soja, suna kwaikwayon Faransawa. Baturen mulki na Yamai, Horace Croccichia, ya sa aka kama su, aka kulle, aka wahalshe su. Me ya biyo baya? Sai shi kansa ya shiga cikin jerin iskokin, aka raɗa masa suna Kwamandan Mugu! 'Yan cin rani suka tafi da abin har Ankara, watau Akra ta ƙasar Gana, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsu da ya fito a 1955. Watau ba zama aka yi a ɗaki aka ƙaga shi don nishaɗi ba, wuya ce ta haife shi, mutane suka ba abin da ke cinsu suna da tufafi don su iya duban idonsa.

Mun san waɗansu za su ce, ina ruwan Musulmi da wannan? Gaskiyarsu ta wani gefe. Musulmi ya san alheri da sharri duka ƙaddara ce daga Allah, kuma tun jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo na 1804 malamai suke yaƙi da bori. Ba kira muke yi a koma girka ba. Muna cewa ne mai ƙaga labari ya ɗauki dabarar, kamar yadda muke ba yara labarin Gizo da Ƙoƙi ba wanda ya ce mun bauta musu. Abin tsoro na gaske ma ba a teburin wasa yake ba. Yana wurin da ake ɗora tsautsayi a kan mutum mai rai, a ce wance farar ƙafa gare ta don shagon mijinta ya karye, ko a ce tsohuwa mayya ce don jikan maƙwabta ya yi zazzaɓi. Mata nawa wannan ya raba da ɗakinsu? Gara a ɗora wa wanda babu shi.

Saboda haka in mu ne za mu ƙaga shi, ga yadda za mu yi, kuma ƙage ne tsantsa, kada wani ya tafi nemansa. Za mu mai da shi tsohon dillali a kasuwar Shuwarin, wanda aka yi ciniki a hannunsa aka hana shi la'ada, ya mutu da abin a ransa. Rigarsa wankakkiya ce amma ta sha ɗinki, gaisuwarsa kuwa ta fi ta kowa daɗi. Ba ya duka, ba ya zagi. Tsayawa kawai yake yi kusa da kai, sai igiyar akuyarka ta kwance, ko buhun dabinonka ya yage daidai bakin kwata. Ba kowa yake bi ba, sai wanda ke riƙe da haƙƙin wani. Ɗan wasan da ya ga jifarsa ta ɓaci sau uku a jere, ba takobi zai zare ba, zama zai yi ya tuna wa ya cuta tun farkon labari, ya koma ya neme shi ya biya, ko da kuwa abokan tafiyarsa sun riga sun kai Birnin Kudu.